Gargaɗi ga masu ɗora intalok a kan daɓen kankare: kada a biya cikon kuɗi kafin yashi ya cika tsaga

Wannan kira ne ga masu gidaje, da kwamitocin masallatai, da masu makarantu da gidajen mai, da duk wanda ke shirin rufe tsohon daɓen kankare da intalok kafin ruwan bana ya sauka. A dakata, a saurara. Irin aikin da ake yi yanzu a wurare da yawa, wato a jera tubala a kan daɓe, a watsa yashi shebur biyu, a share da tsintsiya, a yayyafa ruwa, a karɓi kuɗi a yi gaba, ba aikin da zai kai kaka lafiya ba ne. Ranar da aka gama shi sai ka ce a yi ta kallo. Amma kafin ƙarshen Agusta tubali zai fara rawa a ƙarƙashin ƙafa, mota in ta bi ta kai ruwan taɓo ya yi tsartuwa daga tsaga, bakunan tubalan su fara ɓantarewa, wurin da taya ke bi ya lotsa. Tsoho ya yi tuntuɓe a hanyar alwala, yaro ya fasa goshi. A lokacin kuwa wanda ya yi aikin yana wata unguwa, wayarsa ba ta shiga.

Mutane da dama sun ɗauka yashin da ake sharewa cikin tsaga ado ne, ko kuma toshe kafa don kada ciyawa ta fito. Ba haka ba ne. Intalok ba a manne yake ba, babu siminti tsakanin tubali da ɗan'uwansa. Abin da ke riƙe da shi duka shi ne yashin nan da ya cushe a 'yar ratar da ba ta wuce milimita 2 zuwa 5 ba. In ya cika daga ƙasa har sama, ya kuma matsu, to nauyin da taya ta ɗora wa tubali guda sai ya rarrabu zuwa maƙwabtansa, su ɗauka tare. In tsagar fanko ce, kowane tubali shi kaɗai zai ji da kansa: ya karkata, ya gogi na kusa da shi, ya murɗe idan direba ya juya sitiyari a tsaye. A Holan, inda intalok na kankare ya samo asali bayan Yaƙin Duniya na Biyu saboda ƙarancin jan bulo, ƙasarsu mai nutsewa ce, shi ya sa suka riƙe shimfiɗar da za a iya ɗagawa a gyara ƙarƙashinta a mayar. Dabarar ke nan tun fil'azal, kuma da yashi take tafiya.

A yi lissafi don a gane girman abin. Tubali mai tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, tsagogin da ke tsakaninsu kuwa in an haɗa su sun kai mita 15. Tsakar gida mai murabba'in mita 100 ke nan tana da tsaga ta kilomita ɗaya da rabi. In kaurin tubalin santimita 6 ne, ratar kuma milimita 3, sai an zuba busasshen yashi sama da kilo 400 kafin ta cika, wato nauyin buhun siminti takwas da ɗoriya. Don haka duk wanda ya share rabin baro a filin nan ya ce maka ya gama, saman tsaga kawai ya shafe.

Wannan matsala ce ta kowane intalok. Amma wanda aka ɗora a kan kankare yana da tasa masifar ta daban, kuma ita ce dalilin wannan gargaɗi. Sabon intalok yana shan ruwa ta tsagoginsa, ba kaɗan ba, har sai ƙura ta daɗe tana toshe su. Idan a kan burji ko dakakken dutse aka shimfiɗa shi, ruwan da ya shiga yakan sami hanyar tsiyayewa ƙasa sannu a hankali. A kan daɓe babu inda za shi. Zai ratsa tsaga, ya shiga yashin shimfiɗa, ya tarar da kankare, ya kwanta. Ruwan sama na milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, lita 3,000 ne a kan murabba'in mita 100, ban da abin da indararo ke kwararowa daga rufi. Ko kaɗan daga cikinsa ne ya maƙale a ƙarƙashi, ya isa ya mayar da yashin shimfiɗa kamu. Daga nan duk lokacin da mota ta taka, tubali ya danna ruwan, ruwan ya yi sama ta tsaga ɗauke da yashi, taya ta wuce tubali ya ɗago, wani ruwan ya cike gurbin. Haka za a yi ta yi har yashin ya ƙare, tubali ya zauna a kan tsurar kankare, ƙarfi ya gamu da ƙarfi, ya tsage.

Saboda haka maganar ruwa ake fara yi kafin a sauke tubali ko ɗaya daga mota. A zuba ruwa bokiti-bokiti a kan daɓen, a ga inda ya nufa da inda yake kwanciya. Ana son gangare na kamar santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa lambatu. A wuraren da suka fi kwari a huda daɓen, rami mai faɗin santimita 5 har ya ɓulla ƙasa, a cika shi da wankakkiyar tsakuwa, a rufe bakinsa da ƙyallen tace ruwa da masu aikin hanya ke amfani da shi, wanda ruwa ke ratsawa amma yashi ba ya bi. Da irin ƙyallen ake rufe tsagewar da ke jikin tsohon daɓen, in ba haka ba ta nan yashi zai zurare. Leda ba ta maye gurbinsa, takardar buhun siminti ma haka. Inda ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, huda kaɗai ba ta wadatar ba, sai an bar kafofi a jikin dakalin gefe da ke tokare tubalan, daidai saman daɓen, su ma da ƙyalle a bakinsu, don ruwan ƙarƙashi ya fita zuwa kwata.

A yi hattara wajen hudar. A san inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi. Kada a huda murfin sokawe ko na tankin ƙasa, kuma kada a bi ta kansu da injin danna tubala. In kuwa daɓen na bene ne ko na saman wani ɗaki, to maganar ta fi ƙarfin birkila, sai injiniya ya duba, domin tubali mai kaurin santimita 6 da yashinsa suna ɗora kusan kilo 180 a kowane murabba'in mita, tun ma kafin su sha ruwa.

Akwai kuma abin da ake mantawa sai an gama: ƙasa za ta tashi. Tubali da yashi sun ƙara wa tsakar gida tudu na kusan santimita 9. Get zai iya daina buɗuwa, rariyar da ke jikin katanga ta koma ƙarƙashin intalok, dokin ƙofa ya yi daidai da waje, ruwa ya sami hanyar shiga falo. Magina na son a bar aƙalla santimita 15 tsakanin saman shimfiɗa da layin da ke hana danshi hawa bango. Wanda bai auna wannan ba, ya jira fenti ya fara kumbura daga ƙasa.

Sai yashi. Iri biyu ake buƙata, kuma ba a haɗa su. Na shimfiɗa shi ne yashin kogi mai kaifi, wankakke, irin wanda tifa ke kawowa don kwaɓin kankare, a baje shi da kauri ɗaya, santimita 2 da rabi zuwa 3, kada ya haura 4. Idan daɓen yana da kwari a wani wuri, da kwaɓin siminti ake cike shi a bari ya bushe. Cike kwari da tulin yashi shi ne shuka lotsawa da hannunka, domin yashi mai kauri ya fi marar kauri nutsewa. Ƙurar dutse da ake samu a wajen fasa dutse tana da arha, tana kuma kwanciya lumui a ƙarƙashin katakon baje yashi, shi ya sa ma'aikata ke sonta, amma garinta ya yi yawa, tana riƙe ruwa, a kan kankare kuwa wannan shi ne abin da ake gudu. Jar ƙasa da ƙasar gini ba a ma maganarsu. Gwajin ba wuya: a zuba yashin a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai zauna nan take, laka ta biyo baya ta kwanta a samansa. In layin lakar ya yi kauri, a mayar wa mai tifa kayansa.

Na cike tsaga kuma ya fi laushi, a tankaɗe shi a fitar da tsakuwa, amma kada ya zama gari. Sharaɗinsa babba shi ne bushewa, bushewa ƙayau, wadda in ka damƙa ka saki zai zube ta tsakanin yatsu. Yashi mai danshi ba ya gangarawa cikin rata ta milimita 3. Yakan dunƙule a baki ya yi gada, ƙasa kuwa wayam. Ido ba zai gane ba, sai ruwan farko ya rushe gadar. Shi ya sa wannan aiki na rani ne, ko aƙalla na ranar da gari ya yi wasai kuma tubalan kansu a bushe suke. A baza yashin a kan tamfol ya sha rana, a rufe shi da dare. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya bari sai hadari ya haɗo sannan ya fara neman busasshen yashi, ya makara.

A nan ne za ka ji ma'aikaci ya ce, "Alhaji, ai ba sai an kawo inji ba, in muka sa ruwa da tiyo shi zai shigar da yashin." Kada a yarda. Ruwa zai tura wani abu ciki, gaskiya ne, amma ba ya matse shi, kuma a kan daɓe ka jiƙa yashin shimfiɗa ke nan tun ranar farko, ka fara ɓarnar da kanka. Amsar ita ce, "Malam, a kawo inji, kuɗin hayarsa yana cikin lissafi."

Injin da ake nufi shi ne mai faffaɗan faranti a ƙasa, wanda ke karkarwa ana tura shi, kwamfakta a bakin 'yan aiki. Ga yadda aikinsa yake, kuma mai gida ya tsaya ya gani da idonsa ko ya wakilta wanda ba ya jin kunyar magana. Da farko dakalin gefe ya zama an kafa shi da kankare ya kuma bushe, duk yankakkun tubalan bakin gefe an saka su, domin intalok da ba a tokare gefensa ba bajewa yake yi in ya ji girgiza. A share saman tas, tsakuwa ɗaya in ta shiga ƙarƙashin faranti sai ta ƙwarzane tubala ko ta fasa. Sannan inji ya bi ta kai sau biyu tun ba a zuba yashin tsaga ba, daga gefe zuwa tsakiya, zagaye na biyu ya gitta na farko. Wannan bi na farko shi ke zaunar da tubala cikin shimfiɗa, ya daidaita kawunansu, ya kuma turo yashin ƙasa ya ɗan hau cikin tsaga ya kama gindinsu. Duk wanda ya fashe a cire shi yanzu, tun da sauran sauƙi, don bayan an cike tsaga ciro tubali guda sai da gumi.

Bayan haka ne ake baza busasshen yashi, a share shi da buroshi a karkace, ba a bin tsawon tsaga don kada a kwashe abin da aka zuba. Sai inji ya sake bi. Duk wanda ya taɓa awon gero ya san kwanon da aka cika, in aka girgiza shi sai ya sauka ya nemi ƙari. Haka tsaga take: ka gan ta cike, inji ya wuce, ka tarar ta koma rabi. A ƙara yashi, a share, a sake bi, a yi ta maimaitawa har sai ta ƙi karɓa. Babu wani adadi da za a ce daga shi an gama, tsagar ce ke faɗa. In aikin ya kwana ba a kammala ba, inji ya tsaya nesa da bakin da ba a tokare ba da mita ɗaya zuwa biyu, amma duk abin da ke bayan wannan a cike shi a danne a ranar, a rufe sauran da tamfol.

A kan kankare dole a sa wa farantin injin shimfiɗar roba. Ƙasa takan sha wani ɓangare na dukan, daɓe kuwa mayar da shi yake yi, tubali ya shiga tsakanin ƙarfe da kankare da 'yar shimfiɗar yashi kawai a ƙarƙashinsa. Tubala marasa kauri, na santimita 4 ko 5, da manyan falanƙai masu faɗi, ba sa jure wannan. Su da gudumar roba da katako ake bi da su, a hankali, kuma tun asali ba na wurin mota ba ne. Inda ƙananan motoci ke shiga santimita 6 ne mafi ƙaranci, inda tifa ko tankar mai ke bi kuwa 8, a kuma yi musu jerin ƙayar kifi wanda ya fi jure birki da juyi.

Bari in faɗi wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. Wani lokaci ƙin kawo inji ba rowar kuɗin haya ba ce. Tubalan ne aka buga da ƙarancin siminti, ko aka ɗebo su ba su gama ƙwari ba, mai aikin kuma ya san in faranti ya hau kansu asiri zai tonu. To gara ya tonu a ranar, gaban mai sayarwa, da ya tonu bayan wata uku a ƙarƙashin motarka. Tun wajen ciniki a yi magana a kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe.

Wata dabarar da ta yaɗu ita ce gauraya yashin tsaga da garin siminti, a share, a yayyafa ruwa, wai don ya kama. Kwana biyu zai yi kamar ya kama. Amma intalok motsi yake yi, zafin rana ya buɗa shi, sanyin dare ya tsuke shi, mota ta danna shi, siririn simintin nan kuwa ba ya lanƙwasa, sai ya tsattsage ya fito ɓaro-ɓaro. Ruwa ya shiga ta tsagewar, fita ta gagara. Ga tabon toka-toka da yake bari a fuskar tubala masu launi, wanda ba ya wankuwa. Ranar da bututu ya fashe a ƙasa kuma, maimakon a ɗaga a mayar, sai an farfasa. Akwai aikin da ake manne tubala a kan kankare da kwaɓi tun daga ƙasa, amma wannan wani tsari ne daban mai nasa ƙa'idoji, ba a yin rabi wannan rabi wancan.

Masu hali kuma sukan sayo yashin buhu na waje mai haɗe da sinadarin danƙo, wanda ke daskarewa in ya sha ruwa ya bushe. Yana hana tururuwa da ciyawa, ruwa ba ya kwashe shi da wuri. Sai dai sharaɗinsa ya fi na yashin kogi tsauri. Shi ma sai inji ya girgiza shi ya sauka, sai an kakkaɓe ƙurarsa tas daga saman tubala kafin ruwa ya taɓa, in ba haka ba ta manne ta bar farin hazo, sai an yi masa yayyafi mai laushi daidai yadda aka rubuta a buhun, sai kuma ya sami aƙalla yini da kwana babu ruwan sama. Babban abin shi ne ba ya ƙwari sai ya bushe har ƙasa. A kan daɓen da ba a yi wa mafitar ruwa ba, gindinsa kullum a jiƙe, sai ya zauna kamar danƙo, an yi asarar kuɗi mai yawa a banza.

Su ma masu aikin akwai kira gare su, don jikinsu ne a gaba. Farar ƙurar da ke tashi in ana yanka tubali da injin yanka a bushe ba irin ƙurar hanya ba ce. Garin dutsen silika ne, yana shiga can cikin huhu ya zauna, ya jawo ciwon da ke taurara huhu wanda ba a warkewa daga shi, kuma tun 1997 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga masu shaƙarsa a wurin aiki. A riƙa zuba ruwa a bakin abin yankan, a sa takunkumi na gaske irin N95, ƙyalle ko hankici ba ya tare ta. A toshe kunne in ana tura kwamfakta, a riƙa karɓa-karɓa saboda karkarwar hannu, kada kuma a tayar da shi a cikin gareji ko zaure a rufe, hayaƙin fetur yana kisa ba tare da an ji warin abin da ke kisan ba. Yara a kore su daga wurin.

In an gama, kafin a sallami kowa, mai gida ya ɗauki siririyar wuƙa ko tsinken ƙarfe ya zaga. Ya soka a tsaga nan da can, musamman gefe-gefe da lunguna inda inji ba ya isa sosai. In ta tsaya a kusa da baki ta ƙi shiga, aiki ya yi. In ta zurma, a dawo da buroshi. Ya taka tubala da dunduniya, kada ko ɗaya ya motsa. Ko an yi komai daidai, yashi zai ɗan ƙara sauka a makonnin farko da bayan ruwa na ɗaya da na biyu, don haka a ajiye buhu biyu na busasshen yashi a ɗaki, a ƙara duk inda ya yi ƙasa. A gaya wa masu shara su sassauta hannu a watannin farko, mai wankin mota kada ya saita bakin injin feshi a tsaga, inda indararo ke zuba kuma a sa masa bututu ya kai ruwan lambatu. Farin gishiri-gishirin da kan fito a fuskar sabon tubali daga simintin jikinsa yake, yakan gushe da kansa. Kada wani ya ba da shawarar a zuba masa ruwan batir, cinye fuskar tubalin zai yi.

Wanda kuma ya riga ya shimfiɗa nasa, ya fita ya duba bayan ruwa na gaba. In ya ga yashi ya taru a saman tubala a hanyar taya, ko tsagogi sun daɗe da duhun danshi bayan ko'ina ya bushe, ko gansakuka ta fara kama wani ɓangare, ko ya taka ya ji ruwa na motsi a ƙasa, to ruwa ya kwanta a kan daɓen. Ƙara yashi daga sama ba zai magance wannan ba. A hana mota bi ta wurin, a ɗaga tubalan ɓangaren da ya fi kwari a jera su gefe, a kwashe jiƙaƙƙen yashin, a huda ko a buɗe kafa ta gefe, a sa tsakuwa da ƙyalle, a zuba sabon yashi, a mayar da tubalan nan dai, a cike a danne. Masu sabon aiki kuma su rubuta a takardar yarjejeniya cewa wani kaso na kuɗin zai zauna a hannunsu sai ma'aikata sun dawo bayan ruwan farko, sun ƙara yashi, an sake zagawa da wuƙa tare da su.